NAZARI: Nawa Masu Akufanca Ke Samu, Kuma Me Ke Bambanta Albashinsu Daga Yanki Zuwa Yanki?

A ƙididdigar da Hukumar Alƙaluman Ƙwadago ta Amurka ta yi a watan Mayun 2023, tsaka-tsakin albashin mai aikin akufanca a ƙasar ya kama kusan dala 78,000 a shekara, wato rabin ma'aikatan sun fi haka, rabi kuma ba su kai ba. Wanda ya ɗauki wannan adadi ya lissafa shi a kan naira 1,500 kowace dala zai ga naira miliyan 117, kuɗin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara 140 yana aiki, bai ci bai sha ba, kafin ya tara su. Irin wannan lissafi ne ke sa uba ya fara tunanin tura ɗansa koyon sana'ar a ƙasar waje, ko ma'aikacin da ritaya ta matso ya ga kamar ya samo abin riƙewa bayan ya ajiye aiki. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Adadin gaskiya ne, amma abin da ya ɓoye ya fi abin da ya bayyana.

Akufanca hanyar jinya ce da ta samo asali a ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ana tsira wa majinyaci siraran allurai marasa magani a keɓaɓɓun wurare na jikinsa, galibi don rage ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon wuya ko ciwon kai. A 2010 hukumar UNESCO ta saka ta cikin jerin al'adun ɗan Adam da aka gada. A 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasashe 103 sun shaida ana amfani da ita a cikinsu, amma 29 ne kawai ke da dokokin da suka tsara aikin masu yin ta, sannan 18 kacal ke da inshorar lafiya da ke biyan kuɗinta.

Waɗannan alƙaluma uku su ne mabuɗin zancen. Allurar da ake tsirawa a Bejin ita ce ake tsirawa a Landan da Legas, amma abin da mai tsira ta zai kai gida ya rataya ne a kan tambayoyi uku: wa doka ta yarda ya riƙe allurar, wa ke biyan kuɗin, kuma mutum nawa ne ke rububin majinyaci ɗaya a gari ɗaya. Ƙwarewa tana da nata tasiri, amma tana zuwa ne bayan waɗannan.

Abin da adadin bai faɗa ba

Ƙididdigar ta Amurka ta ƙirga waɗanda ke karɓar albashi ne kawai daga wani asibiti ko kamfani, kuma a waccan shekara ba su kai mutum 10,000 ba. Masu lasisin akufanca a ƙasar kuwa sun haura 30,000. Ke nan mafi yawan masu sana'ar ba su shiga lissafin ba, domin kansu suke yi wa aiki, kuma wannan ƙididdiga ba ta ɗaukar masu zaman kansu. Ko a cikin waɗanda aka ƙirga ɗin ma tazarar mai faɗi ce. Kashi 10 cikin 100 na ƙasa ba su wuce dala 42,000 ba, yayin da kashi 10 na sama suka haura dala 140,000. Sana'a ɗaya, lasisi iri ɗaya, amma wani ya ninka wani fiye da sau uku.

Shi kuwa mai zaman kansa ba albashi yake da shi ba, ciniki yake yi, kuma ciniki ba riba ba ne. A ɗauka, don misali, yana karɓar dala 90 a kowane zama, yana ganin mutum 25 a mako, yana aiki mako 48 a shekara. Abin da zai shigo masa shi ne dala 108,000. Daga ciki zai biya hayar ɗaki, inshorar kare kai daga ƙarar majinyata, allurai, kuɗin sabunta lasisi, talla, da ladan wanda ke bin masa kuɗi a kamfanonin inshora. Idan waɗannan suka cinye kashi 40, saura dala 65,000 ba kaɗan. A kan wannan ne zai biya harajin masu zaman kansu na kashi 15.3, ban da harajin kuɗin shiga, sannan ya sayi inshorar lafiyarsa da ta iyalinsa, ya kuma tanadi fanshonsa da kansa. Idan majinyata suka ragu zuwa 15 a mako, kamar yadda kan faru ga wanda bai daɗe da buɗe wuri ba, kuɗin haya ba zai ragu tare da su ba.

Akwai kuma bashin karatu. A Amurka sai mutum ya yi shekara uku zuwa huɗu a matakin digiri na biyu, galibi a makarantun kuɗi, kafin ya zauna jarrabawar lasisi, kuma da yawa suna kammalawa da bashin da ya haura dala 100,000. Lauya ko likita ma kan fita da bashi mai nauyi, amma shi akwai gurbin aiki da ke jiransa. Mai akufanca kuwa sau da yawa sai ya ƙara cin wani bashin don buɗe wurin aiki. Wannan rashin daidaito tsakanin kuɗin karatu da abin da ake samu ya fara taɓa makarantun kansu. A 2024 ɗaya daga cikin fitattunsu, wadda ke birnin Fotlan a jihar Oregon, ta rufe ƙofarta bayan kusan shekara 40 tana koyarwa.

Taswirar Amurka: doka, cunkoso da tsadar rayuwa

Amurka ba kasuwa ɗaya ba ce ga wannan sana'a, domin kowace jiha ke yin dokarta. Nebada ce ta fara bayar da lasisi a 1973, shekara biyu bayan ɗan jarida James Reston ya rubuta a jaridar New York Times yadda aka rage masa raɗaɗi da allurai bayan an yi masa tiyata a Bejin. A yau jihohi 47 da babban birnin tarayya suna da dokar lasisi, amma Alabama da Oklahoma da Dakota ta Kudu ba su da ita. Inda babu lasisi, mai sana'ar ba shi da takardar jiha da zai nuna wa kamfanin inshora ko asibiti, don haka sai abin da majinyaci ya zaro daga aljihunsa.

Kalifoniya ita ce ɗaya gefen. Tana da jarrabawarta ta daban, tana da ɗimbin mazauna 'yan asalin Asiya da suka saba da wannan jinya tun daga gida, kuma akufanca na cikin abubuwan da jihar ta wajabta wa inshorar ɗaiɗaikun mutane da ta ƙananan kamfanoni su biya. Mai hange daga nesa zai ce nan ne romon yake. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lasisin ƙasar baki ɗaya a nan suke zaune. A unguwannin Los Anjalas da San Faransisko ɗakunan jinyar suna maƙwabtaka da juna, kuma duk inda masu sayarwa suka yi yawa mai saye ne ke yanka farashi. Kamfanonin inshora ma sun san haka, shi ya sa suke iya tsayar da ƙaramin kuɗi su ce wanda bai yarda ba ya ba wani wuri.

Sai batun tsadar rayuwa. Alƙaluman Hukumar Nazarin Tattalin Arziki ta Amurka sun nuna farashin kaya da haya a Kalifoniya ya ɗara matsakaicin ƙasa da kusan kashi 12, yayin da na jihar Akansas ya gaza shi da kusan kashi 13. Idan aka auna da wannan ma'auni, mai samun dala 85,000 a Kalifoniya tamkar mai dala 75,500 ne, shi kuwa mai dala 70,000 a Akansas tamkar mai dala 80,500 ne. Wanda takardar albashinsa ta fi nauyi shi ne aljihunsa ya fi sauƙi. Wannan ya sa jerin “jihohin da suka fi biya” da ake yawan yaɗawa ba abin dogaro ba ne sosai, balle ma a jihohi da dama masu karɓar albashin 'yan kaɗan ne, ta yadda manyan ma'aikata ƙalilan a asibiti ɗaya za su iya ɗaga matsakaicin jiha baki ɗaya.

Gwamnatin tarayya ma tana da hannu a rabon. A watan Janairun 2020 shirin Medicare, wato inshorar gwamnati ga masu shekara 65 zuwa sama, ya amince ya biya akufanca don ciwon baya mai naci: zama 12 cikin kwana 90, da ƙarin takwas idan an ga sauƙi, ba fiye da 20 a shekara ba. Masu sana'ar sun yi murna, amma murnar ta zo da sharaɗi. Dokar Medicare ba ta lissafa su cikin waɗanda za su iya kai takardar neman biya kai-tsaye ba, sai dai su yi aiki a ƙarƙashin kulawar likita ko wani babban jami'in jinya. An buɗe ƙofar kuɗin, amma makullin yana hannun wani.

Inda mai akufanca ya fi samun kwanciyar hankali shi ne aikin gwamnati, ko da yake guraben kaɗan ne. A 2018 Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta fitar da ƙa'idar ɗaukarsu aiki a asibitocinta. A nan ne bambancin yanki ya zama rubutacce, domin tun 1994 albashin ma'aikatan tarayyar Amurka ke tafiya da ƙarin kuɗin yanki. A 2024 ma'aikaci a San Faransisko na samun ƙarin kusan kashi 45 a kan gundarin albashinsa, wanda ke yankunan da ba a ware ba kuwa kusan kashi 17. Mutum biyu a mataki ɗaya, aiki ɗaya, amma gwamnati da kanta ta yarda cewa yanki ba ɗaya ba ne.

Turai: wanda doka ta miƙa wa allura

A Jamus an bi ta hanyar gwaji. Kamfanonin inshorar gwamnati sun ɗauki nauyin manyan bincike a farkon shekarun 2000, kuma sakamakon na ciwon baya ya ba kowa mamaki. Kusan kashi 48 na waɗanda aka yi wa akufanca ta ainihi sun samu sauƙi, kashi 44 na waɗanda aka tsira wa allura sama-sama a wuraren da ba su ne ƙa'ida ba su ma sun samu sauƙi, yayin da kashi 27 kawai na masu jinyar da aka saba suka samu. Masu goyon baya suka ce ga shi ta fi jinyar asibiti, masu suka kuma suka ce ga shi ta ainihi da ta bogi kusan ɗaya ne. Duk da wannan saɓani, daga 2007 inshorar gwamnati ta fara biyan kuɗinta, amma don ciwon baya da ciwon gwiwa masu naci kawai, kuma sai idan likita mai ƙarin horo ne ya yi. Sakamakon haka, akufanca a Jamus ta zama ƙarin hanyar samu ga likitoci. Wanda ba likita ba yana iya yi idan yana da izinin masu jinyar da ba likitoci ba, amma kuɗinsa daga aljihun majinyaci ko inshora mai zaman kanta zai fito. A Faransa ma doka ta ɗauke ta aikin likita, inda ungozomomi da likitocin haƙori ke yi a iyakar fanninsu.

Ingila ta bi wata hanyar dabam. Babu dokar ƙasa da ta keɓe sunan mai akufanca ga masu wani takamaiman horo, sai rajistar sa-kai ta ƙungiyoyin sana'a da izinin ƙananan hukumomi kan tsabtar wurin aiki. Mafi yawansu masu zaman kansu ne, kuma farashin zama a Landan ya fi na garuruwan arewa, kamar yadda hayar ɗaki ma ta fi. A asibitocin gwamnati kuwa galibi masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne ko likitoci ke tsira allurar a cikin aikinsu na yau da kullum, suna karɓar albashin matakinsu, masu gashin ƙashin kuma na samun ƙarin kashi 20 a tsakiyar Landan, 15 a gefenta, da 5 a garuruwan kewaye, kowanne da iyakar da aka ƙayyade.

Ingila ta kuma nuna yadda alƙalamin hukuma ke iya buɗe kasuwa ko rufe ta. A 2016 hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a ƙasar ta ce kada a riƙa bayar da akufanca don ciwon baya, abin da ya rage tura majinyata. A 2021 ita dai wannan hukuma ta ce ana iya gwada ta ga ciwo mai naci wanda ba a gano musabbabinsa ba. Hannun mai allurar bai sauya ba a tsakanin shekarun, hukuncin masu duba hujja ne ya sauya, kuma abincinsa ya bi hukuncin.

Asiya: gidan sana'ar ma bai tsira ba

Mutum zai zaci a ƙasar Sin ne mai akufanca ya fi kowa daraja da kuɗi. Ta fuskar daraja haka ne. Cikakken likita ne da ya yi aƙalla shekara biyar a jami'a, yana aiki a asibitin gwamnati, kuma dokar magungunan gargajiya da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2017 ta ƙara tabbatar da matsayinsa. Ta fuskar kuɗi kuwa labarin ya sha bamban. Kuɗin da likita ke kai wa gida a Sin ya haɗa da ƙaramin gundarin albashi da kuma ladan ƙwazo, wanda ya dogara da abin da asibitinsa da sashensa suka shigo da shi. Hukumomin lardi da na birni ne ke tsayar da farashin kowace hidima, kuma shekaru da dama sun bar farashin aikin hannu a ƙasa, alhali magunguna da gwaje-gwajen na'ura ne ke kawo wa asibiti kuɗi. Sashen da kayan aikinsa allura ce da yatsu ba shi da abin sayarwa.

A Bejin, har zuwa 2017, kuɗin zama ɗaya na akufanca yuwan huɗu ne, bai kai dala ɗaya ba. Gyaran da birnin ya yi a watan Afrilun shekarar ya ɗaga shi zuwa yuwan 26, a daidai lokacin da aka hana asibitoci ɗora riba a kan magungunan zamani. A rana ɗaya darajar aikin ta ninka fiye da sau shida, ba tare da wani likita ya ƙara ko darasi ɗaya ba. Kuma da yake kowane lardi da nasa farashi da nasa ƙarfin asusun inshora, likitan babban asibiti a Shanghai ko Bejin ya yi wa takwaransa na asibitin gunduma a yammacin ƙasar nisa.

Koriya ta Kudu da Japan maƙwabta ne, amma sun zama misali mafi bayyana. A Koriya, mai tsira allura likitan gargajiya ne da ya yi shekara shida a jami'a, yana da lasisinsa na kansa, yana buɗe asibitinsa, kuma inshorar ƙasa ke biyan akufanca tun 1987. Sana'ar na cikin masu tsoka, har ɗalibai masu manyan sakamako ke gasar shiga makarantunta, ko da yake samunsu bai kai na likitocin zamani ba. A Japan kuwa horon shekara uku ne, mai lasisin ba likita ba ne, kuma inshora ba ta biya sai likita ya rubuta amincewa, shi ma don wasu 'yan cututtuka kamar ciwon baya da ciwon jijiya da sanyin gaɓoɓi. Masu lasisin sun haura 100,000, don haka gasa ta yi tsanani, da yawa kuma sai sun haɗa da tausa kafin su riƙe gida. Ƙasashe biyu masu arziki, al'ada kusan ɗaya, amma doka da inshora sun raba makomar masu sana'ar.

Ina Najeriya ta tsaya?

A Afirka, akufanca ta fi shigowa ne ta hannun tawagogin likitocin Sin, waɗanda suka fara da Aljeriya a 1963, kuma suke zuwa Jamhuriyar Nijar tun shekarun 1970. Gwamnatinsu ce ke ɗaukar nauyinsu, don haka majinyacin da ya same su bai ga ainihin tsadar aikin ba. Afirka ta Kudu ta yi gaba wajen tsari, domin tana yi wa masu akufanca rajista a ƙarƙashin majalisar da doka ta kafa, kuma ana koyar da fannin a jami'a. Gana ma tana da dokar masu maganin gargajiya tun shekarar 2000.

A Najeriya, gyaran da aka yi wa dokar likitoci a 1992 ya ɗora wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori alhakin sa ido kan madadin hanyoyin jinya. An fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da sashe na musamman kan wannan fanni, kuma ƙudurin kafa masa majalisa mai zaman kanta ya daɗe yana kai-kawo. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ga mai sana'ar, wato wa zai biya, ita ce ba a amsa ba. Fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita kai-tsaye. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma an gina tsarin ne a kan jinyar asibiti ta zamani. Saboda haka samun mai akufanca a nan ya dogara kacokan da yawan masu hali a kusa da shi, kuma wannan ne ya sa galibinsu a Legas da Abuja suke, alhali manomi da ɗan dako da mai daka, waɗanda ciwon baya ya fi addaba, suna can inda babu mai zuwa.

Wanda ke son ganin wannan a aikace ya dubi ƙaho. Masu akufanca na Sin ma suna yin sa, kuma ya yi suna a duniya a gasar Olamfik ta 2016 lokacin da aka ga tabonsa a kafaɗar ɗan ninƙaya Michael Phelps. Wanzami a ƙasar Hausa ya gaji wannan aiki kaka da kakanni, kuma a ƙauye ladansa kan zama abin da ya sawwaƙa, wani lokaci ma damin hatsi da kaka. Aiki mai kama da shi a ɗaki mai na'urar sanyi a Maitama ko Wuse farashinsa wani ne dabam. Bambancin bai tsaya ga hannu ba. Ya haɗa da unguwa, da takardar shaida, da tsabtar kayan aiki, da kuma aljihun wanda ya kwanta a yi masa.

Tsabtar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ƙa'idar aikin ita ce allura ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya. Inda farashi ya faɗi ƙasa kuma babu mai sa ido, wani zai iya jarabtuwa ya maimaita allura, kuma ta haka ciwon hanta da sauran cututtukan jini ke yaɗuwa. Wanda bai san tsarin jiki ba kuma yana iya huda huhu idan ya zurfafa allura a ƙirji ko gadon baya. Ke nan batun ladan mai sana'ar da batun lafiyar majinyaci a haɗe suke.

Abin lura ga masu tsara doka da masu neman sana'a

Ga hadiman 'yan majalisa da jami'an ma'aikatu da irin waɗannan takardu ke bi ta teburinsu, tarihin ƙasashen nan ya nuna jerin da ya kamata a bi. Kafa kwaleji da raba takardun shaida shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ya fi daɗin sanarwa. Amma idan aka yaye ɗalibai kafin a tsayar da matsayinsu a tsarin aikin gwamnati, da matakin da za su shiga a jadawalin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, da cututtukan da inshora za ta biya musu, to an bi sawun Amurka da Japan ne: masu takarda da yawa, gurbi kaɗan. Jamus ta fara da gwaji, ta zaɓi cututtuka biyu, ta ce ga wanda zai yi. Ana iya saɓa mata kan keɓe aikin ga likitoci, amma ba a ce ta kashe kuɗin jama'a da ka ba. Hujjar da ake da ita ta fi ƙarfi ne a kan wasu nau'o'in ciwo mai naci, kuma ko a nan amfanin matsakaici ne. Duk wanda ya yi alƙawarin warkar da ciwon suga ko daji ko rashin haihuwa da allura, to ya wuce gona da iri, kuma bai kamata asusun jama'a ya bi shi ba.

Akwai kuma darasin da ya shafi kowane ma'aikacin tarayya, ko da bai taɓa ganin allurar akufanca ba. Amurka da Ingila sun rubuta bambancin yanki a cikin jadawalin albashinsu. A nan kuwa jadawali ɗaya ne ga jami'in da ke Abuja da takwaransa na Jalingo ko Birnin Kebbi, ko da yake kowa ya san abin da haya ke yi wa mazaunin babban birni, har ta tura da yawa Mararaba da Suleja da Gwagwalada. A gefe guda kuma, idan ana son ƙwararren ma'aikacin lafiya ya zauna a ƙauye, sai an biya shi ladan nisa da rashin abubuwan more rayuwa. Duk tsarin da ya yi shiru kan yanki, kasuwa ce za ta yi masa rabon, ita kuwa kasuwa birni take kai kowa.

Shi kuma uban da ke lissafin tura ɗansa, ko ma'aikacin da ke shirin ritaya, ya kamata ya ajiye adadin dala 78,000 a gefe ya binciki abubuwa huɗu game da garin da za a yi aikin: ko dokar wurin ta amince da takardar da za a samo, domin lasisin wata jiha ko ƙasa ba lallai ya yi aiki a wata ba, ko akwai inshorar da ke biya, kuma kai-tsaye take biya ko ta hannun likita, yawan masu sana'ar da suka riga shi, da abin da haya da bashin karatu za su bari a ƙarshen wata. Likitan da ya sayi akufanca a matsayin ƙarin ilimi, ko mai gashin ƙashi da ya ƙara ta a kan aikinsa, kasadarsa kaɗan ce, domin yana da albashin da zai jingina da shi. Wanda ya sayar da fili ko ya zuba kuɗin sallamarsa don ya dogara da ita kaɗai, shi ne ya fi bukatar wannan lissafi, kuma gara ya yi shi tun kafin ya biya kuɗin makaranta.